Tambaya da Amsa: Yarana kullum wasan shingen bincike suke yi, in hana su?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonni huɗu na ɗauko kuma duk akan wasan yara ne, na Gadarif shi zai ci mana wuri dan haka ku yi haƙuri da tsawonsa, masu tambaya akan yaye da fitsarin kwance ban manta da ku ba.

TAMBAYA TA FARKO

Ustaza barka da aiki. Ni ƴar Madani ce a nan Sudan, mun fito a Disamban 2023 lokacin da garin ya faɗi, yanzu muna Gadarif gidan ƴan'uwan maigidana. Ina da maza biyu, babban shekara 6 ƙaramin 4. Wlh abin da ke damuna kullum da la'asar sai su haɗu da yaran maƙwabta su ɗaura igiya a bakin lungu suce irtikaz ne wato shingen bincike, su ɗauki kara a matsayin bindiga, duk yaron da yazo wucewa sai suce sauka, ina katinka, kawo wayarka, kuma ƙaramin nawa shi ake sawa ya durƙusa kullum hannu a ka. Babansu ya dake su yafi a ƙirga basu bari ba, surukata kuma tace fatan tsiya suke mana. Ƙaramin yana firgita da dare. Dan Allah ya zanyi? Daga wata uwa a Gadarif.

AMSA

Ƴar'uwa sannu, Allah Ya mayar da ku gidajenku lafiya, Ya bamu zaman lafiya a ƙasar nan.

Ki fara da roƙon maigidan ya ajiye bulalar, ki samu lokacin da yake cikin natsuwa ki faɗa masa a hankali. Yaro abin da idonsa ya gani shi yake mayarwa wasa, tun da can haka ne, kafin yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ai yaran nan raksha, babur mai ƙafa uku, suke tuƙawa da murfin tukunya, wani ya zama kumsari yana kaɗa yatsu yana karɓar ganye a matsayin kuɗin mota, mata su jera gwangwanaye suce su masu shayi ne, yanzu ma in kika tsaya kusa da masu wasan kanti zaki ji ɗaya tace bani da kash zan turo miki ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ta ɗaga fasasshen silifa tana dannawa har ta nuna wa mai kantin wai ga shaidar ya shiga. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu wannan. To yaranki sun bi hanyar Madani zuwa Gadarif a cikin wancan tashin hankali, sun ga an tsayar da mota, sun ga manyan da suka ɗauka babu mai iya taɓa su sunyi shiru kai a ƙasa. Babba zai zauna a ƙarƙashin rakuba wato rumfa yana shan jabana wato kofi ya bada labarin sau ɗari har ya huce, yaro ɗan shekara 4 bashi da kalmomin da zai yi haka, hannunsa da ƙafarsa ne zasu bada labarin. Kuma ki lura a ranar da abin ya faru shi aka yi wa, a wasan kuwa karan yana hannunsa, shi yake cewa a tsaya shi yake cewa a wuce, wannan kaɗai yana rage masa tsoron da ya ƙunsa. In aka dake shi tsoron bai tafi ko'ina ba, kamar tukunya ce tana tafasa ki danne murfin da dutse, wasan zai koma bayan gida inda babu idon babba kuma can ne ake jin ciwo.

Maganar Hajiya surukarki kuma ki bita da ladabi, kice mata abin da ya wuce suke kwaikwayo ba kiran wani suke ba, ki roƙe ta ta riƙa yi musu addu'a tana tofa musu da dare, hakan zai kwantar da hankalinta da nasu.

Yanzu ga inda nake so ki sa ido sosai, dan ni ba bindigar karan bace ta tsaya min a rai, durƙuson ƙaramin ne. Wasan kwaikwayo na yara makaranta ce ta zama da mutane, a ciki suke koyon jiran layi, da ciniki, da yadda ake rarrashin wanda yace na fasa, da tunanin me ke zuciyar wani. Wani masanin halayyar yara ɗan Rasha, Vygotsky, ya yi bayani tun 1933 cewa duk wasan da yaro zai ce ni ne wane to akwai doka a ɓoye a ciki, wadda ta zama uwa dole tayi irin abin da uwa take yi ko ranta baya so, direba bazai bar sitiyari ya tafi tsalle ba sai fasinjoji su taso masa. Wata kuma mai suna Manuilenko ta gwada a 1948, ta sa yara su tsaya cak babu motsi, sai ta ga in akace musu kai ne mai gadi a cikin wasa sun fi daɗewa a tsaye nesa ba kusa ba akan in kawai akace tsaya. Kinga kenan yaro yana koyon riƙe kansa ta hanyar rawar da aka bashi. To in rawar da ake ba ɗanki kullum ita ce ta wanda ake wulaƙantawa, me yake koyo? Shi ma babban me yake koyo in bai taɓa ɗanɗana durƙuson ba? Wannan rabon shi za ki gyara.

Ga yadda nake ba iyaye shawara kuma naga yana aiki. Ki ɗauki kwandonki kizo wucewa ta wajen igiyar a matsayin fasinja, su tsayar da ke ki basu ganye kice ga katina, ki biye musu kaɗan babu faɗa. Sai kice wayyo akwai mara lafiya a motarmu ina likita, ki nuna ƙaramin kice ga daktan nan yazo, ki miƙa masa igiya da marfin kwalba ya gwada ƙirjin mutane. Gobe ki kawo tsohuwar roba da ludayi kice an buɗe takiyya, wurin ciyar da jama'a kyauta, waye zai raba abinci, waye zai rubuta sunayen masu layi, waye direban da zai kai mutane Gadarif lafiya. A yaƙin nan ai ba masu bindiga kaɗai yaran suka gani ba, sun ga matasan unguwa da ke dafa adas a manyan tukwane suna ciyar da jama'a, sun ga wanda ya basu ruwa a hanya, sun ga dangin da suka buɗe muku ƙofa, duk waɗannan suna cikin kansu, tuna musu kawai za ki yi. Bayan haka ki koma gefe ki bar musu kayansu, in babba ya daɗe a cikin wasa yana bada umarni wasan mutuwa yake.

Sai dokoki, kada su yi yawa dan su iya riƙewa: babu duka na gaske, babu ɗaure kowa da igiya, kuma duk wanda yace na daina to an daina da shi nan take babu gori. Ki ƙara da cewa ana juyawa, wanda ya tsare hanya yau gobe shi ne fasinja. Babban zai yi gardama, ki ja shi gefe kice kai ne yaya, ƙaninka amanarka ce, ka taɓa ganin fuskarsa lokacin da yake durƙushe? Ɗan shekara 6 ya isa ya gane wannan tambayar.

Akwai kuma irin wasan da ba na sauƙi bane, ya kamata ki san kamanninsa. A 1976 a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya a Amurka an sace yara 26 da direbansu daga motar makaranta, aka rufe su a cikin wata babbar mota da aka binne a ƙasa kusan awa 16 kafin suka tono kansu suka fito, duka da ransu. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara Lenore Terr ta bi su shekaru tana lura, ta ga wasu daga cikinsu suna wani irin wasa da baya canzawa, abu ɗaya ake maimaitawa yau da gobe, babu dariya, kuma in an gama yaron ya fi shiga damuwa akan kafin a fara. Wasa mai lafiya kuwa yana tafiya, yau shinge gobe shingen ya zama kasuwa jibi an manta anyi bikin ƴar tsana, ana musu ana dariya ana shiryawa. Ki zauna daga nesa kina tsince shinkafa ki kalle su na wasu kwanaki. In kika ga na farkon ne, ko firgitar dare ta wuce wata guda bata raguwa, ko ƙaramin ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya rage magana, ko baya yarda ki matsa ko nan da ƙofa, to kar ki tsaya jira, ki kai shi wajen ma'aikatan lafiya ki faɗa musu duka yadda kika faɗa min, ki kuma tambaya a unguwa ko akwai irin wuraren wasan yara da UNICEF da ƙungiyoyin agaji suke buɗewa inda ƴan gudun hijira suke, ana samun masu horo akan irin wannan a can.

Abu na ƙarshe kuma na manya ne, bidiyon yaƙi da ake kunnawa a waya da ƙarfi a tsakar gida da hirar wa aka kashe wa aka kama, yaran suna ji ko da sun yi kamar hankalinsu na kan wasa. A bari sai sunyi barci.

TAMBAYA TA BIYU

Malama ina gaisuwa. Ɗana namiji shekararsa 3 da rabi, yayyensa duk mata ne, kullum sai in dawo in same shi da ƴar tsana goye a baya da ɗankwali yana tuƙa tuwon ƙasa. Abin yana ɓata min rai ina tsoron kar ya tashi da halin mata. Sannan ita kanta ƴar tsanar ba mutum-mutumi bace? Daga wani magidanci a Maiurno.

AMSA

Malam barka da ƙoƙari, kuma naji daɗi da ka tambaya kafin ka ɗauki mataki.

Batun ƴar tsana tukuna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da ƴan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), ƙawayenta suna zuwa, in ya shigo su ɓuya shi kuma ya turo mata su su ci gaba. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta ya tambaye ta, tace ba ka ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba, yayi dariya har haƙoransa suka bayyana. Rubayyi'u bint Mu'awwiz kuma ta faɗi cewa suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, in yaro yayi kukan abinci a bashi ya shagala har a sha ruwa. Da waɗannan ne mafi yawan malamai suka cire kayan wasan yara daga hanin, musamman irin namu na tsumma da kara da ƙashi. In akwai wata ta roba da kake shakka akanta ka nuna wa malamin unguwarku.

Shi kuma yaron, da wa yake wuni? Da mahaifiyarsa da yayyensa mata. Aikin da yake gani ana yi da muhimmanci a gabansa shi ne goyo da girki, shi zai kwaikwaya, da a gareji yake wuni da ka same shi a ƙarƙashin angare wato gadon igiya yana kwance taya. Kuma wanda ya goyi ƴar tsana yana jijjiga ta yana cewa yi shiru yi shiru, tausayi yake koyo da lura da wanda ya fi shi rauni, gobe in aka yi masa ƙani zaka ga amfaninsa. An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida tace yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla yayi ya fita. Girki kuwa Malam ai duk Sudan an san mu da agashe, kuma maza ne a bakin wutar. A ƙasar Hausa ma cikin wasannin tashe na azumi akwai wanda yarinya take sa riga da hula ta fito a matsayin miji ƙawarta kuma amarya, ana yi ana koya musu zaman aure, babu wanda yace ta zama namiji.

Abin da nake tsoro shi ne gori. In ka fizge ƴar tsanar a gaban yara kace masa ɗan daudu, ba zai gane komai ba sai cewa Baba yana jin kunyarsa, kuma sunan zai iya binsa har makarantar allo. Maimakon haka ka ƙara masa abin kallo, ka ɗauke shi zuwa gona ko bakin kogi wajen masunta, ka je da shi kasuwa da masallaci, ka yanko masa dokin kara, ka bashi ƴar ƙaramar fartanya. Da kanka zaka dawo wata rana ka same shi ya tara yayyensa a baya yana jan salla.

TAMBAYA TA UKU

Ustaza ƴata shekara 2 da wata 4, in na kaita cikin yara sai ta zauna gefe tana nata ita kaɗai, in aka taɓa kayanta ta fasa ihu. Dangin babanta suna cewa baƙin hali gare ta da rowa. Ni kuma dan ta yi shiru sai in bata waya. Daga maman yarinya ɗaya a Bur Sudan.

AMSA

Ƙanwata babu baƙin hali a ƴar shekara 2. Tun 1932 wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta zauna tana kallon yara ƴan 2 zuwa 5 suna wasa ta rubuta yadda abin ke hawa, ƙanana sukan yi nasu su kaɗai ko su zauna kusa da juna kowa da kayansa suna satar kallo, sai a hankali a fara miƙa wa juna abu, wasan da ake raba aiki ace ke ce uwa ni ce ƴa yafi kama jiki wajen shekara 4. Ƴarki tana kan hanya. Kuma kalmar nawa ne a wannan shekarun sabon abu ne ta gano, kar a tilasta mata bayarwa a gaban mutane, ki koya mata da karɓa-karɓa ke da ita, ga naki ga nawa, kina mayar mata da sauri dan ta gane abin da aka bayar yana dawowa.

Amma ki duba min waɗannan a gida. Tana ɗaukar kofi wayam ta yi kamar tana sha ko ta ba ƴar tsana? Tana kara wani abu a kunne tace alo? Tana nuna miki abu da yatsa dan ki gani, kamar jirgi ko mage, tana waigowa ta kalli fuskarki? In kin kira sunanta tana juyowa? In eh ne to ki kwantar da hankalinki. In kuwa babu ko ɗaya a wannan shekarun, ga kuma magana bata zo ba, ki kaita wajen likitan yara a fara da gwajin ji, dan rashin waɗannan yana cikin alamomin da likitoci suke dubawa tun daga wata 18, kuma taimakon da aka fara da wuri yafi tasiri.

Wayar kuma ki rage. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ƴan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma yafi. Waya bata yi mata musu bata ce nima a bani, to a ina zata koyi haƙuri da mutane? Kuma ba sai kin sayi kayan wasa masu tsada ba, masu talla suna cewa wai suna ƙara basira, amma da Angeline Lillard da abokan aikinta suka tattara binciken da akayi akan wasan kwaikwayo a 2013 sun nuna cewa hujjar wasan shi kaɗai yana haifar da basira bata da ƙarfi kamar yadda ake zuzutawa. Ni a ganina mutumin da ke zaune da ita a tabarma yana amsa mata shi ne babban rabo, kwali da cokali da tsohon mayafi sun wadatar.

TAMBAYA TA HUƊU

Ƴata, jikata ce shekara 5 take hira da wata ƙawa da babu mai ganinta, har abinci take ajiye mata ta ce kar a zauna a wurinta. Maƙwabta sun ce iska ce a kai ta a yi mata hayaƙi. Daga wata kaka a Kasala.

AMSA

Inna ina gaishe ki da kyau. Dan Allah kar a yi mata hayaƙi kar kuma a kaita inda za a tsorata ta. Wannan abu ne da yara da yawa suke yi, a wani bincike da Marjorie Taylor ta jagoranta a Amurka aka buga a 2004 an samu kusan kashi 65 cikin 100 na yaran sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su cika shekara 7, kuma in aka matsa musu da tambaya su da kansu suke cewa ai wasa ne. Yafi yawa ga ƴar fari ko wadda take ita kaɗai, ko wadda aka raba da ƙawayenta, ki tuna ko akwai wata da ta rabu da ita a ƴan shekarun nan.

Ki tambaye ta cikin fara'a, ya sunan ƙawar taki, me take so, yau me kuka yi. Sau da yawa abin da yarinya bata iya faɗa da bakinta sai ta ɗora a bakin ƙawar, tace wance tana tsoron duhu ko wance tana kewar babanta, sai ki san inda za ki rarrasa. In ta fasa kofi tace ƙawar ce, kice to ku zo ke da ita ku share. Azkar na safe da yamma da ayatul kursiyyu lokacin barci a ci gaba da yi mata kamar kowane yaro.

Inda za ki nemi likita shi ne in ita kanta tana tsoron ƙawar, ko tace tana sa ta cutar da kanta ko wani, ko ta daina wasa da yaran gaske gaba ɗaya, ko kuma kina ganin tana ɗauke wuta ta ƙura ido na ɗan lokaci ana kiranta bata ji, dan wannan na ƙarshen wani lokaci nau'in farfaɗiya ne kuma yana da magani a asibiti. In babu ko ɗaya, ki samo mata yara biyu sa'anninta su riƙa zuwa gidan da yamma, ki basu tsofaffin kwanoni da ɗan wuri a inuwa.